Sunan da Gwaggo Ba Ta Kira

Shekarata goma sha biyar lokacin da na fara jin kalmar nominal. Malaminmu na Faransanci ne ya rubuta ta a allo wata Talata bayan azahar, rabin aji na gyangyaɗi. Ya ce ana faɗinta ga abin da ya ɗauki suna amma bai ɗauki aikin sunan ba. Ya kawo misalin sarkin da aka bar wa kujera da hula aka ɗauke masa iko, da na mutumin da ya sayar wa ɗan'uwansa gida a kan sefa ɗaya don dai takarda ta ce an yi ciniki. Daga nan ya wuce zuwa wata ma'anar ta nahawu, amma ni ban bi shi ba. Na tsaya wurin sarkin nan, ina tunanin abin da yake yi da safiyarsa in ya tashi.

Tun daga ranar na shiga neman nominal a gari, kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi a tsakar gida. Ban sha wuya ba. Gidanmu a unguwar Biafra, cikin Treichville a birnin Abidjan, gidan haya ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida guda, a tsakiya kuma akwai famfo wanda tun kafin a haife ni bai ɗiga ba. Ruwa daga gidan maƙwabta muke ɗebowa. Duk da haka famfo yana nan da sunansa. "Ajiye min a gindin famfo." "Wa ya bar kwanuka a famfo?" A dakalinsa mata ke zama su yi kitso, a wuyansa ake rataya tsumman goge-goge. Na dawo daga makaranta na tsaya gabansa da jaka a kafaɗa, na ce masa a zuci, ashe kai ne.

Akwai kuma maƙwabcinmu da kowa ke ce wa Dokta, mai sayar da man zafi da maganin haƙori a bakin kasuwa. Shi na daɗe ina jujjuya lamarinsa, domin maganin nasa yakan yi aiki wani lokaci. Daga ƙarshe na bar shi a tsakiya, ban yanke masa hukunci ba.

Baba fatauci yake yi, yana shigo da butoci da tabarmin roba da filas na shayi ta tashar jiragen ruwa. Na kai masa kalmar da yamma, yana zaune a ƙofar ɗaki yana jiran magariba, ina zaton zan ba shi mamaki. Dariya ya yi.

"Ke a makaranta aka koya miki, mu a bakin ruwa muka tsince ta. Allon shagonmu, sunan wa ke kai?"

"Na abokinka."

"Kin taɓa ganinsa a ciki?"

"A'a."

"To shi ke nan. Shi ne a allo, ni ne a shago. Kuma kada ki ɗauka Bature ne kaɗai ya san abin. Mu ma muna da ita. Jeka-na-yi-ka."

Na kwana biyu ina ɗora kalmomin nan kusa da juna, na ga ba su zama ɗaya ba. Jeka-na-yi-ka da dariya a cikinta, kamar ana faɗinta ana kashe ido. Nominal ba ta dariya. Takan zo da kwat da takalmi mai sheƙi, ta gaishe ka da ladabi, sannan ta sanar da kai cewa kai ba kowa ba ne. Inna kuwa, da na tambaye ta tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Suna ne kawai. Sai kin je makaranta shekara tara kafin ki san wannan?"

Duk wannan wasa ne, har ranar da na ɗora kalmar a kan Gwaggo.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi da nisa. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita kaɗai take zaune a ɗaki guda a Adjamé, a wani lungu bayan ofishin magajin gari, wanda kowa ke ce wa Meri. A bakin lungun take kasa tebur tana sayar da kayan miyar arewa, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kanwa, ga Hausawa da Zabarmawa da duk wanda harshensa ya tuna gida.

Tun ina ƙarama na san ni 'yar Gwaggo ce, domin haka kowa ke faɗi. An ce ranar sunana Baba ya ba ta ni. Amma ban taɓa zama a wurinta ba, ɗakinta ƙarami ne, makaranta kuma tana Treichville. Abin da ya rage daga kyautar shi ne ranar Lahadi. Kowace Lahadi ni da ƙannena mata biyu mukan tafi mu wuni a can.

Inna ta sha cewa mu hau bas ta kan gada, ta fi sauƙi. Ni kuwa bato nake so, jirgin nan da ke tsallaka lagun, ruwan da ya raba Abidjan gida-gida. Mukan taka zuwa tashar bato ta Treichville, mu tsallaka zuwa Plateau, daga can mu nemi motar Adjamé. Tsallakawar ba ta da tsawo, amma a cikinta nake hutawa da hayaniyar gidan haya. Nakan zauna kusa da taga ina kallon ciyawar ruwa tana tafiya garke-garke, kowace da furenta, ba a san inda suka dosa ba. Dogayen benen Plateau sukan kwanta a kan ruwan suna rawa. Da za a bar ni, da na koma na sake tsallakowa.

Da mun ɓullo lungun, Gwaggo takan hango mu ta ɗaga murya ta kira ƙannena da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen wasa da ta raɗa musu. Ta ɗora ƙaramar a cinya, ta ce babbar ta yi ƙiba kamar matar alhaji, ta kwance bakin zani ta ba su alawa. Ni kuwa nakan durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon tebur. Sunana ban taɓa jin shi a bakinta ba. In tana son wani abu daga wurina, sai ta juya wurin Tanti, wata mata 'yar ƙabilar Jula mai sayar da sabulu da soso a teburin da ke kusa, wadda ta koyi Hausa a bakin Gwaggo ta cakuɗa ta da Faransanci.

"Ce wa waccan ta ci abinci."

"Ce wa waccan ɗankwalinta ya zame."

Ni ga ni zaune, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Ƙannena su yi ta wasa a lungu, ni a miƙo min rariya in tankaɗe kuka, ko in yi ta ƙulla daddawa a leda har yatsuna su ɗauki warin da sabulun Tanti ba ya fitarwa. Shekarar da na ci kyautar rubutu a makaranta, ƙanwata ce ta ruga ta gaya mata. Gwaggo ta ce, "To," ta juya ta tambayi Tanti ko tana ganin za a yi ruwa yau.

Da can ban sa wa abin suna ba, ciwo ne kawai da nake ɗauka in tafi da shi in dawo da shi. Da na samu kalmar nan sai na ga kamar don shi aka yi ta. Na auna ta ta kowane gefe ta zauna daram. Ga suna, 'yar Gwaggo. Ga uwa, ga 'ya, ga Lahadi. A ciki kuwa babu komai.

Wata Asabar Inna ta ce in wanke kayan da zan sa gobe. Na ce ba zan je ba.

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Na gaji ne da zuwa inda ba a san da ni ba."

"Wurin uwar taki?"

"Uwa ce nominal."

"Uwa ce me?"

"Ta suna kawai. Ke kika ce haka ake faɗi."

Inna ta ajiye muciya ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na ɗauka zagi zai biyo baya, ko ta kai ƙarata wurin Baba. Sai kawai ta ce, "Bokon nan dai," ta koma kan tukunyarta. A dakalin famfo akwai wata maƙwabciyarmu tana tsefe wa 'yarta kai, kuma wurin Gwaggo take sayen daddawa. Na gan ta sarai. A lokacin ban damu ba.

Lahadi ta zo, ƙannena suka tafi su biyu, ta kan gada. Da yamma suka dawo da alawa da saƙon gaisuwa. Gwaggo tana gaida Baba, tana gaida Inna, tana gaida Dokta ta ce man zafinsa ya yi mata aiki. Na jira. Babu saura.

"Ba ta tambaye ni ba?"

"A'a. Ta dai ce, mutanen gidan duk lafiya? Muka ce lafiya. Ta ce, duka-duka? Muka ce duka-duka."

Haka aka yi Lahadi ta biyu, da ta uku, har na daina tambaya. Wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗin cewa lissafina ya fita daidai, kamar yadda ake jin daɗi in an duba bayan littafi an ga amsa ta yi. Lahadi ta yi min tsawo. Wani lokaci nakan ɗauki littafi in tafi tashar bato in zauna a benci, in ga jirgi ya cika ya tashi, wani ya zo ya sauke mutane, ban karanta ko shafi guda ba.

Cikin watannin nan ne matar da ke ɗakin ƙarshe ta haihu. Yarinya ce, ba ta fi ni da shekaru masu yawa ba, wani abokin fataucin Baba ne ya auro ta daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, kowa kuma Amarya yake ce mata ko da cikinta ya tsufa. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, Hausarta kuwa nakan tsaya in saurara kamar waƙa, domin akwai kalmomi a cikinta da ban taɓa ji ba. Ta haifi 'ya mace, aka yi suna, aka yanka rago a gindin famfo.

Ni da son jarirai, kullum in na dawo makaranta ina ɗakinta. A nan na fara lura da wani abu. Amarya ba ta kiran sunan jaririyar. In ta yi kuka sai ta ce, "Ɗauko min abin nan." In dangin mijinta sun shigo barka, sai ta ajiye ta a gefen gado ta juya fuska bango, kamar ba daga jikinta ta fito ba. Ranar da na ce yarinyar tana da kyau, idonta kamar na barewa, sai ta ja tsaki ta ce, "Wannan mummunar?"

Abin ya tsaya min a rai. Na kwana uku ina kallo, sannan wata rana da la'asar, mata sun cika tsakar gida, Amarya tana shanya zannuwa, na tambaye ta.

"Amarya, wai ba kya son ta ne?"

Dariya ta ɓarke a tsakar gida. Wata har da riƙe ciki. Amarya ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta shige ɗaki da gudu.

"Kai, 'ya'yan Abidjan!" in ji wata dattijuwa da ke ɗakin kusa da namu. "A ce mutum ya san sunan kogunan ƙasar Faransa bai san kunyar ɗan fari ba?"

"Na san kunya," na ce.

"Kin san wadda ake ji in an faɗi jarrabawa. Zo nan, 'yar makaranta, in ba ki karatun da ba a biya. 'Yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. In ta yi, sai a ce ba ta da ta ido, an ba ta abu ta kasa ɓoye murna."

"To ta yaya yaron zai san ana son shi?"

Aka sake kwashewa da dariya. Dattijuwar ta ce, "Ji wata tambaya. Ta yaya kika san akwai gishiri a miya? Ganinsa kike yi?"

Na taɓa jin ana maganar kunyar ɗan fari, amma na ajiye ta tare da rijiya da rumbu da sauran abubuwan da manya ke ambata in suna hirar gida, abubuwan da ke can wata ƙasa da ban taɓa takawa ba. Ban san tana iya hawa mota ta zo har Biafra ba. Washegari da sassafe na fito ɗiban ruwa, labulen Amarya ya ɗan buɗe, na hango ta zaune a ƙasa ta kifa fuskarta a wuyan jaririyar tana shinshina, tana yi mata wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Da ta ji motsina ta ajiye ta da sauri ta ɗauki tsintsiya.

Na tafi makaranta da abin a kaina. Sai da muna tsakiyar darasin lissafi wata tambaya ta faɗo min, wadda ta sa na ƙagu a tashi.

Na tarar da Inna ita kaɗai a ɗaki tana ninke kaya.

"Inna, ni ce ta farinki ko?"

"Akwai wata da kika gani a gabanki?"

"To me ya sa ke kike kiran sunana? Har ƙarshen layi ana jin ki. Kina min wasa, kina ja min kunne a gaban kowa."

Ta ci gaba da ninkin. Ta ce, "Ke tawa ce?"

Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina kallonta.

"Zauna," ta ce. Na zauna a bakin gado. "Ranar sunanki, bayan an shafa fatiha, babanki ya shigo cikin mata ya ɗauke ki daga hannun ungozoma ya ɗora ki a cinyar Yaya. Ya ce, ga 'yarki. Ni ina kwance ina kallo. Kin san abin da ta yi? Ta miƙa ki ga ta kusa da ita, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice daga ɗakin. Mata suka yi guɗa, suka ce uwar ɗiya ta ji kunya. Daga ranar ni na huta. Kunyarki ita ta ɗauka, ni aka bar ni da wankin kashinki da kiran sunanki."

"Shekara goma sha biyar?"

"Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Akwai wata mai sayen kuka a wurinta, sunanku ɗaya. Shekara da shekaru Yaya ba ta taɓa kiran matar nan da sunanta ba, Takwara take ce mata. Matar har ta gaji da tambayar takwarar wa."

Na tuna rariya, na tuna daddawa. Na ce, "Aikin da take sa ni fa? Su ba ta sa su."

"Su baƙi ne. Wa ke sa baƙo aiki?"

"Amma ba ta tambaye ni ba, Inna. Wata biyu. Har Dokta ta gaisar."

"Uwa ta tambayi 'yar fari a bakin yara? Ba ta ce duka-duka ba? Ke a zatonki lafiyar famfo take tambaya?"

Na sunkuyar da kai. Can na ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba tun ranar?"

"Ina jira in ga inda bokon zai sauke ki. Kuma abin da kunya, a zaunar da ke a ce miki uwarki tana son ki. Wa aka taɓa yi wa haka?"

"Ta ji abin da na faɗa?"

"Tun Lahadin farko. Magana ba ta kwana a gidan haya."

Na ce zan je Lahadin nan. Inna ta ce Allah ya kai mu. Sai da na kai ƙofa ta ƙara, ba tare da ta ɗago ba, "Ki dai sani, kyauta ana maido ta. In kin je ta tare ki da fara'a, ta kira sunanki, ta ba ki alawa, to ta maido min ke. Ba za ta yi faɗa ba, Yaya ba ta faɗa. Haka kawai za ta yi."

Ranar Lahadi na ce ƙannena su zauna, ni kaɗai zan je. Na hau bato, na samu wuri kusa da taga, amma ban ga ruwan ba. Tun ina ƙarama abin da nake roƙo a jirgin nan shi ne Allah ya sa yau ta kira sunana. Har nakan gwada yadda zai fito a muryarta, mai ɗan kaushi, mai jan ƙarshen magana. Ranar kuwa tun daga Treichville har Plateau roƙona shi ne kada in ji shi.

Adjamé tana nan yadda na bar ta, masu littattafan gwanjo sun baza su a ƙasa, 'yan mota suna ƙwala kiran unguwanni, ƙanshin soyayyar ayaba yana haɗuwa da hayaƙi. Na shiga lungun bayan Meri. Tanti ce ta fara hango ni.

"Eh, Allah! Ga baturiya ta dawo daga Faransa! Madmazel, hanya ce ta ɓace miki, ko ƙafa ce ta karye?"

Na durƙusa gaban teburin Gwaggo, gwiwa biyu a ƙasa.

"Gwaggo, ina wuni."

Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido. Ban taɓa ganin idonta haka ba, ashe akwai ɗan fari-fari da ya fara zagaye baƙin. Ta daɗe tana kallona. Hannunta yana kusa da bakin zaninta, inda take ƙulle alawa. Ta buɗe baki.

Sai ta juya wurin Tanti.

"Tambayar min 'yar bokon nan. Kalmar da aka ce ta aiko min da ita, me take nufi? Ni an kawo min ita ba fassara."

"Kin ji," in ji Tanti. "Maman ta ce ki yi mana lekol, ki koya mana karatu."

Ina durƙushe na fara. Ban iya cewa suna kawai ba, sai na kama misalin malaminmu. Na ce kamar sarki ne da aka bar masa kujera da hula, amma aka ɗauke masa iko.

Gwaggo ta saurara, kanta a karkace, tana kallon Tanti kamar ita ke magana.

"Tambaye ta, sarkin ana ba shi abinci?"

"Ana ba shi," na ce.

"Ana gaishe shi?"

"Ana gaishe shi."

"To ai ya ji daɗi. Wasu ko gaisuwar ba sa samu."

Tanti ta tafa hannu ta ce, "Wayyo, ta harbe ki!" Na ji hawaye sun taru, na danne su, domin na san kuka a nan zai ƙara ɓata abin.

Gwaggo ta gwada kalmar a bakinta. "Nomina. Nomina." Ta jujjuya ta kamar mai ɗanɗana daddawar da ba ta san wanda ya yi ba. "Suna akwai, aiki babu. Haka ne?"

"Haka ne, Gwaggo."

Ta dubi Tanti sama da ƙasa.

"Ashe mijinki nomina ne."

Tanti ta ƙwala ihu, ta wawuri soso ta jefe ta da shi. "Ke tsohuwar nan, ki ji tsoron Allah! Mijina yana aiki!"

"Wane aiki? Tun da na san shi yake gindin mangwaro yana dara. Hula akwai, kujera akwai."

"Naki biyu ina suke?"

"Su ai ko sunan bai rage ba."

Suka yi ta yi, har mai gyaran takalmi na tsallake ya sa baki, wata mai sayen kanwa ta tsaya tana tambayar mene ne nomina, Tanti ta yi mata bayani da Jula tana nuna gindin mangwaro. Ni ina nan durƙushe, ba wanda ya ce in tashi. Gwiwoyina suka fara zafi. Gwaggo ta auna wa matar kanwa, ta ƙulla, ta yi mata gyara, ta sallame ta. Ta gyara zaman ledojin daddawa. Ta kori ƙuda. Ban san ko an gama da ni ba, ko yanzu za a fara.

Can ta ce, tana kallon titi, "Ce wa waccan kuka tana buhu wata biyu ba a tankaɗe ba. Ni idona ba ya ganin tsakuwa."

Tanti ta riƙe ƙugu. "Ni na gaji da zama tarho. Ga ta nan gabanki, gwiwarta ta kusa huda ƙasa. Ki kira ta da kanki mana, sau ɗaya dai, mu ma mu ji yadda sunan yake."

Gwaggo ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta kawar da kai.

"Ke dai Jula ba ki da kunya," ta ce.

Na tashi na shiga ɗakin. Rariya tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, buhun kuka yana ƙarƙashin gado. Na jawo shi waje, na zauna a kan turmi, na fara.